Tushen da Wuƙa Ta Bari

Da cokali mai hoto yake tonon, a hankali, don kada ya fasa abin da ke ƙasa. Ƙanwarsa ce ta kwatanta masa wurin: bayan tashar mota, ƙarƙashin itatuwan da ruwa ke kwanciya. Ga kututturan laimar kwaɗin nan farare guda shida, daidai inda wuƙarta ta yanke.

Tushen ya fito, dunƙulalle kamar ƙwai, lulluɓe cikin wata 'yar jaka mai laushi, alamar mai dafi. Mai hoto ya zauna daɓas a jiƙaƙƙiyar ƙasa.

Shekara goma sha ɗaya ke nan yana bin daji da kyamara duk bayan ruwan sama, yana ɗaukar hoton laimar kwaɗi ta sama da ta ƙasa, yana gwadawa da littattafan da ya saya a gwanjo. Shi ke gaya wa mutane cewa ba a rarrabe ta ci da mai dafi sai an ga tushe. Amma shekaranjiya, da ta turo masa hoto a waya, mutum huɗu na jiran hoton fasfo a shagonsa. Saman kawai ya kalla, ya rubuta mata: ana ci. Ita ba ta taɓa ba, cikin da take ɗauke da shi ya sa warin yana tayar mata da zuciya. Mijinta, direban babbar mota, ya cinye har da ƙari.

Ya naɗe tushen a takarda, ya hau bas zuwa asibiti.

Ya tarar da direban zaune a bakin gado, yayyensa biyu a tsaye. Amai ya tsaya, gudawa ta tsaya, an ce yau za a sallame shi.

"A'a, ga likitan kwaɗi," in ji direban yana dariya. "Yaya, in hoton gawa ka zo ɗauka, sai wani jiƙon. Ruwan hanya ne ya so ya kai ni."

Kowa ya yi dariya, har mai hoton. Sai dai ya san halin wannan iri. Takan saki mutum yini guda kamar ya warke, alhali tana can tana cin hanta. Gobe direban zai ɗauki kaya ya yi nisa. Ranar da idanunsa za su yi rawaya yana wani gari, kuma babu wanda zai tuna abin da aka dafa kwana huɗu baya.

Ƙanwar ta biyo shi baranda, ta rage murya. Ta ce tun jiya zuciyarta ta ba ta, shi ya sa ba ta ambaci laimar ga likita ba.

"Na goge saƙon, Yaya. Kai ma ka goge. Ka san babban wansa, har kotu sai ya kai ka. Ai ya warke, ko?"

Ya kalli cikinta, ya kalli takardar da ke hannunsa, wadda danshi ya fara hudawa. In ya ce e, za ta yarda. Tun tana rarrafe take yarda da shi.

Ya wuce ta zuwa ƙofar likita, inda wata nas ta tare shi da hannu, ta ce a bi layi. Ya buɗe takardar a kan teburinta, ya ajiye wayar a gefe, saƙon a buɗe. Ya ce kada a sallami mai gado na uku.

"Kai ɗan'uwansa ne?"

"Ni na ce ya ci."