Farantin Dattijo Onyekwere

Tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da Onyekwere, matarsa Chinyelu ta gane cewa mutanen cocinsu sun iya zuwa dubiya, amma ba su iya jiran mutum ya tashi ba. Shekara da shekaru yana cikin dattawan ƙaramin cocinsu na Presbyterian a Manawashi, masu zama a gaba kusa da fasto, masu zagayawa da gurasa ranar Jibin Ubangiji, ranar da ake cin gurasa don tunawa da Yesu. A ɗariƙarsu, wanda aka naɗa dattijo, dattijo ne har ya koma ga Mahaliccinsa. Amma kafin ma Onyekwere ya iya zama a keken guragu, Ebubedike, mai sayar da tayil a Kasuwar Gombe, ya haye kujerarsa, har ya saba da ita.

Shi ne kuma, da yake Allah bai hana shi baki ba, ya zama shugaban kwamitin jawo naƙasassu cikin ibada. Manyan coci suka aiko da littattafai da hotunan mannawa a bango. Ya sa aka zuba gangaren siminti a bakin ƙofa, aka shafa masa fenti, ya tsaya a kai ya sha hoto. Sannan ya cire benci ɗaya can baya, inda hayaƙin janareto ke shigowa, ya ce nan ne wurin masu lalura.

Ranar da Chinyelu ta turo mijinta cikin coci karon farko, ranar Jibi ce. Ta goge masa baƙar kwat ɗinsa, ta ɗaura masa nakatayi da hannunta. Suna hawa gangaren Ebubedike ya tare su, haƙora duk a waje.

"Maman Oluomachi, sannu da ƙoƙari. Ga wurinsa nan, mun tanada masa."

"Wurinsa yana gaba," in ji ta.

"Gaba akwai matakala. Kuma wanda hannunsa ke rawa, ina shi ina faranti? Ki bar shi ya huta mana."

Ta dube shi sama da ƙasa. Wallahi da a kasuwa ne, da sai an raba su. Ta kauce masa, ta tura keken har gindin matakalar dattawa, ta taka birki. Dattawan suka duƙufa a kan littafin waƙa kamar yau suka fara ganinsa. Ko ɗaya bai sauko ya kama musu ba. Ranta ya yi baƙi ƙirin, ta tsane su duka.

Fasto ya yi addu'a, ya gutsuttsura gurasa, ya miƙa wa dattawa farantai. Ebubedike ya sauko da nasa, ya fara da Onyekwere, ya miƙa masa yadda ake miƙa wa kowa. Onyekwere ya ɗaga hannunsa mai lafiya. Bai ɗauki gutsure ba, bakin farantin ya damƙe.

"Saki, Dattijo," Ebubedike ya ce ƙasa-ƙasa. "Za ka zubar."

Onyekwere bai saki ba. Ebubedike ya ɗan ja, gurasar ta zame gefe, wata tsohuwa ta ce, "Yesu!" Mai garaya ya tsaya cak. Idon coci duka ya dawo kansu, ga ƙato a tsaye yana kokawar faranti da mutumin da rabin jikinsa ba ya motsi. Fasto ya yi gyaran murya. Ebubedike ya saki.

Onyekwere ya ɗora farantin a cinya. Da harshensa mai nauyi ya ce wa matarsa, "Tura ni."

Ta tura. Benci bayan benci, mutane na sunkuyowa suna ɗauka. Wasu na share hawaye, wasu sun haɗe rai, matar Ebubedike kuwa da ƙyar ta miƙo yatsu biyu. Chinyelu ba ta yi sauri ba, ta bar kowa ya kalli mijinta da kyau. Da suka gama ta komo da shi gaba, ta tsayar da keken daidai ƙafar Ebubedike, har sai da ya duƙa ya ɗauki nasa.

Sai Onyekwere ya waiwayo da ƙyar, ya ɗago mata farantin. Fuskarsa a sake take, rabon da ta gan ta haka tun kafin ciwon.

"Ɗauki naki."

Tun tana yarinya aka koya mata cewa mai riƙe da ɗan'uwansa a zuciya ba ya cin gurasar nan. Ta lalubi zuciyarta ko za ta sami wurin yafiya, ba ta samu ba. Har yanzu so take ta ga Ebubedike a kan keken nan, a can baya, yana shaƙar hayaƙi.

"Baban Oluomachi," ta ce a hankali, "ba yau ba."

Bai sauke farantin ba. Ta mai da hannuwanta baya ta riƙe.