Sunan Da Rago Ya Auna Mini

Daren jiya, ana gobe sunan ɗana na fari, barci ya sace ni da takarda a hannu, na yi wani mafarki da har yanzu bai sake ni ba. Takardar ta Liman Hudu ce. Ya ce in rubuta sunan yaron in kai masa da safe, ni kuwa kwana shida ke nan ina rubutawa ina sokewa. Dalili kuwa, ni sunana Ilu. In an kira ni, kafin in waiwaya sunan ya ƙare. Tun ina yaro abin nan yake ci mini rai, shi ya sa na ci alwashin ɗana sai ya sami suna dogo, wanda in an fara faɗa mutane za su gyara zama.

A mafarkin sai ga ni a wani ofis. Ruwan sama yana tashi daga ƙasa yana komawa gajimare, kowa ya juya lemarsa ya tsaya a ciki. Bayan tebur, ragon da na sayo na suna ne a zaune, da tabarau, da tef ɗin awo a wuya. Ban yi mamaki ba. Abin da ya ba ni haushi kawai, tef ɗin nawa ne, na shagon ɗinkina.

"Malam Ilu, yadi nawa kake so?" in ji ragon.

"Wanda zai cika baki," na ce.

Ya jawo wani bandir daga kanta ya warware. "Wannan Shamsuddin, ɗan asalin Larabci ne, wato ranar addini. Ba ya koɗewa." Na taɓa, na ji shi da ɗumi. "Wannan Najmuddin, tauraron addini, sai dai an fi ganin kyansa bayan magariba. Ga Zainul'abidin, adon masu ibada, shi kaɗai yadi biyu da rabi ne."

"To, na gida fa?"

"Akwai Ɗanjuma, na wanda aka haifa ran Juma'a. Akwai Shekarau, na wanda ya daɗe a ciki. Akwai Tanko, na namijin da ya biyo bayan 'yan mata."

"Ai nawa ran Talata ya zo, wata tara cif, kuma bai biyo bayan kowa ba."

"Ba komai, ranka ya daɗe, ai ado ne. A haɗa maka duka."

Ya hau keken ɗinki yana takawa da kofato, yana haɗa wannan da wancan. Sunan ya fita ta taga, ya zagaya kasuwa, ya dawo ta ƙofa. Gaskiya na ji daɗi, har na manta da zancen tef.

Sai ga mu a ƙofar gidana. An shimfiɗa tabarmi, an raba goro da dabino, mahauci ya wasa wuƙa ya tsaya. A garinmu ba a ɗora wa rago wuƙa sai liman ya kai ƙarshen suna. Liman Hudu ya gyara murya ya fara. Hantsi ya yi yana faɗa. Azahar ta yi, aka tashi aka yi salla aka dawo, ya ɗora daga inda ya tsaya. Na leƙa bayan turke, sai na ga rago da kekensa, yana ta ƙara yadi a wutsiyar sunan, yana taunar dusa hankali kwance.

"Kai, rago, wannan ai ha'inci ne!"

"Haba Malam Ilu," ya ce, bai ko ɗago ba. "Kai tsawo kake so, ni ma tsawo nake so. Ina abin faɗa?"

Damina ta wuce, gero ya nuna a kan rawunan baƙi, suka girbe abinsu ba su tashi ba. Wuƙar mahauci ta yi tsatsa. Matata Zulai ta leƙo daga zaure ta yafito ni.

"Malam, yaron nan fa ya fara tafiya. Da me za a riƙa kiransa?"

"Ki ƙara haƙuri, an kusa rabi."

Sai ga ni a bakin babban titi. Manyan motoci suna gudu da baya, direbobin na zaune a kan kaya suna shan shayi. Can na hango ɗana, da 'yar rigar da na ɗinka masa, yana tafiya yana tangaɗi, ya nufi kwalta yana dariya. Ƙafafuna suka ƙi ɗaguwa. Na buɗe baki na ƙwala masa kira.

"Shamsuddin Najmuddin Zainul'abidin Ɗanjuma Sheka..."

Numfashina ya yanke. Yaro bai waiwayo ba, don bai taɓa jin ƙarshen sunan ba, balle ya san nasa ne. Na sake farowa, na sake yankewa a wuri ɗaya. Da na rasa yadda zan yi, sai na ce, "Kai!" Duk garin ya waiwayo, har da turakun lantarki. Shi kaɗai ne bai juyo ba. Tun da nake ban taɓa jin tsoro irin wannan ba. Ya ɗaga ƙafa ɗaya ya sa a kwalta.

Ƙarar kujerun roba ce ta tashe ni, mai haya yana sauke su a ƙofar gida. Na tashi jiƙe da gumi, na faɗa ɗakin Zulai. Yaron na kwance a gefenta, ko juyi bai iya ba tukuna. Na daɗe ina kallonsa, sannan na ɗauki biro na rubuta Kamaluddin, wato cikar addini. Amma ban kai wa liman ba sai da na fita tsakar gida na ƙwala shi sau uku da numfashi ɗaya, na tabbatar akwai saura.

"Malam, lafiya?" in ji Zulai daga ɗaki.

"Lafiya lau," na ce. "Gwaji nake yi, ko zai isa bakin titi."