Masu Amsa wa Nnako

Dakta Mordecai ya zare abin sauraro daga kunnensa, ya turo wa Jemimah wayarta a kan tebur.

"Na ce miki ɗaki mai shiru. Wannan kuwa kamar a gidan suna kika ɗauko muryar."

"Tsohuwar ita kaɗai ce a gidan, Dakta."

"To ki gaya wa waɗanda ba sa gidan su yi shiru. Ranar Juma'a nake rufe karɓa."

Jemimah ba ta roƙe shi ba. Roƙo ba ya cikin abin da ta iya. 'Yan ajinsu duk sun tafi bautar ƙasa, ita aka bari a Samaru da aikin kammala karatu: kwatanta yadda Nufanci da Turanci suke yin jam'i. A takarda abin ba wuya. Turanci ya liƙa s, wani lokaci ya murɗe kalmar gaba ɗaya. Nufanci kuwa zhi yake ɗaura mata a wutsiya. Amma dole sai da muryar mai harshen, ɗaliban Nufawa da ta samu kuma Dakta ya ce rabin bakinsu Hausa ne, rabi Turanci. Da ƙyar ta samo Nnako a unguwar Muchia, tsohuwa Banufiya da mijinta ya kawo Sabon Gari zamanin yana aikin jirgin ƙasa.

A cikin bas ta saurari abin da ta ɗauka. Nnako ta ce egi, wato yaro: muryarta ce kaɗai, a shaƙe. Ta ce egizhi, yara, sai wasu ƙananan muryoyi suka bi ta ƙasa-ƙasa. Eza, mutum: ita kaɗai. Ezazhi, mutane: har da muryar namiji mai kauri, da tari a bayanta.

Washegari da rana tsaka ta koma Muchia, lokacin da yaran unguwa suke makaranta. Ta leƙa ɗakunan gidan ɗaya bayan ɗaya. Ba kowa. Sai dai ranar da ta fara zuwa ɗakunan nan a kulle suke da kwaɗo mai tsatsa, yau kuwa a buɗe, an share, an shimfiɗa tabarmi.

Ta rufe ƙofa da taga, ta sake ɗauka. Kunnenta bai ji komai ba sai tsohuwa. Da ta kunna wayar, suna nan, sun ma ƙaru.

"Kaka, kin ji?"

Nnako ta karkata kai tana murmushi. "Mai tarin nan maigidana ne. Da shi ya tafi, ashe bai rabu da shi ba." Ta gyara zama. "'Yar nan, na haifa, na binne. Tun da autana ya bi su, ba wanda na yi Nufanci da shi, kifi kawai nake sayarwa da Hausa. Sai ga ki, kin ce in kira yara, in kira mutane. Wanda aka kira da harshen gidansu ai sai ya amsa."

Jemimah ta ƙi duban ƙofa.

"Malamina ya ce sai muryarki kaɗai. In ba haka ba, sai baɗi."

"To sai in ce su fita." Tsohuwar ta murza bakin zanenta. "Mutanena akwai zuciya, irin taki. In aka ce su fita ba sa dawowa. Amma karatu ne. Kunna abin naki."

Jemimah ta kunna. Ta tuna mahaifiyarta da ta daina zuwa zumuntar mata a coci saboda tambayar yaushe 'yarki za ta gama. Nnako ta juya wajen ɗakunan, ta buɗe baki.

"Kaka, bar su." Muryar Jemimah ta fita da ƙarfin da ba ta yi niyya ba. "Koya mini in faɗa da kaina."

Ranar Juma'a ta ajiye wayar a gaban Dakta Mordecai.

"Haka mai harshen take magana. Ban rage komai ba."

"Kin san wannan shekara guda ce kika ƙara wa kanki?"

"Na sani. Na taɓa ƙara shekara a baya, ban mutu ba."

Ya girgiza kai, ya sa abin a kunne duk da haka. Ya saurara har wajen da Jemimah da bakinta ta ce egizhi. Sai ya ɗago a hankali, ya dubi bayan kujerarta, inda babu kowa.

"Su wa ke dariya?"

"Yaran ne," in ji Jemimah, tana rataya jakarta. "Wai ban iya ba tukuna."