Nonon Kwana Huɗu

Tun da damina ta kama, maƙwabtan Shatu suka kora bisashe arewa, mijinta kuma yana bin motar siminti daga Malbaza. A tungarsu ta bayan Dogarawa saura ita da ɗiyarta Mubaraka, wadda ta yaye da nonon akuya guda. Akuyar kuwa tari take yi.

Da hantsi wata likitar bisashe ta iso bisa moto mai ƙafa biyu, ta yi wa akuyar allura.

"Ƙanwata, kwana huɗu kada yarinya ta sha nonon nan, maganin yana fita cikinsa. Ki tatse ki zubar, ki ba ta kunu."

"Malama, ki zauna ko fura ki sha mana."

"Ana jirana gaba."

Da la'asar Shatu ta tatsi rabin ƙwarya. Mubaraka ta san ƙarar tatsa, ta miƙo hannu tana kuka. Shatu ba ta taɓa zubar da nono a ƙasa ba, kuma in ta ba yarinyar babu mai gani. Ta goya yarinyar, ta kai ƙwaryar gindin aduwa, ta tuntsurar a hankali. Sannan ta ɗora kunu.