Ajin Cikin Tabarau

"Ki ɗago kai mana, Huseina," in ji malamar asibiti, tana gyara wa yarinyar wani ƙaton tabarau mai kamar akwati.

Halimatu Sadiya na zaune a benci, kanta ya ɗaure. Ita fa ba 'yarta Huseina ta kawo ba. Uwaisu ta kawo, ƙanen Huseina, wanda makaranta ta gaji da shi: ba ya zama, ba ya ƙarasa rubutu, ana magana yana leƙen taga. Mijinta Nababa ya riga ya yanke hukunci. In ciwo ne a nemi magani, in kuwa iskanci ne, to boko ta ƙare, gona na jira. Shi ya sa da ta ji masu bincike sun zo Tofa da na'urar gwada hankalin yara, ta yi ta addu'a ya zama ciwo.

Wai a cikin tabaran akwai aji da allo da malami, na'urar kuma tana lura da inda idon yaro ke zuwa. Uwaisu, da bai taɓa ganin irin wannan abu ba, ya ƙura wa malamin ido ko ƙiftawa babu. Huseina kuwa, da aka ce ita ma ta gwada, malamin na shigowa ta durƙusa ta sunkuyar da kai.

"Na'ura ta ce namijin ya mai da hankali," in ji malamar. "Macen ce ba ta kallon malami."

"Ikon Allah! Yo ina za ta kalli babba ido cikin ido? Ni na hana ta."

Malamar ta yi jim. "Gaskiya gwaji ɗaya ba ya yanke hukunci, Inna. Sabon abu kan riƙe irin su Uwaisu. Ku dawo mako mai zuwa."

A hanya Halimatu ta yi ta juya maganar, ta rasa wa ke da ciwo, wa ke da lafiya. Tsoro ya kama ta, kada Nababa ya ji ya ce boko ta ƙare. Ta ja kunnen Uwaisu: kada ya ce uffan, ita za ta yi bayani.

Ina! Suna hango Nababa a bakin gonar gero ya fizge hannunsa ya sheƙa da gudu.

"Baba! Na ci! An ce lafiyata ƙalau!"

"Alhamdulillahi," in ji Nababa, ya miƙa masa fartanya.