Hangum a Ɗakin Baƙi

Shekarata ta farko a jami'a, ana tsakiyar bazara, hangum ya ɓulla a hostal ɗin mata. Dokar makaranta ba wasa: duk wadda kumatunta ya kumbura ta je wurin nas, daga nan ta tafi gida. Mu da gidajenmu ke nesa kuma a killace mu a ɗakin baƙi bayan filin wasa. Ni 'yar tsibirin Jeju ce, ba wanda zai bar ni in hau jirgi da wannan fuskar.

Ina tura ƙofa na ga Yaya Hye-ryeon, shugabar benenmu, 'yar aji uku, wadda ko takalmi ka ajiye a karkace sai ta yi maka huɗuba. Ita ce ma take bin mu ɗaki-ɗaki da ma'aunin zafi. Ga ta zaune a gado, fuska kamar an hura balan-balan.

"Da-som, in kika yi dariya kin mutu," ta ce.

Na yi. Zafin ya harba har kunnena, na dafe muƙamuƙi ina hawaye.

"Alhakina ne," in ji ta.

Safe da yamma Nas Gil takan ajiye mana kunun shinkafa a bakin ƙofa, ta ƙwanƙwasa, ta ja da baya ta tambayi zafin jikinmu. Ta hana mu duk abu mai tsami. Darasi kuwa ta waya muke bi, kowa ta rufe kyamara.

Sai ga kwalin lemu daga mahaifiyata. Ƙamshi ya cika ɗakin. Yaya ta yi wuni guda tana harararsa.

"Ɓare mini ɗaya."

"Yaya, nas fa ta hana."

"Nas tana nan ne?"

Ta jefa ɓari a baki. Nan take ta ƙame, ta shiga dukan katifa da hannu biyu, hawaye shar-shar. Da ta samu numfashi ta ce, "Kai, amma fa da daɗi." Ta kira Nas Gil da kanta ta kai ƙarar kanta. Nas ta yi ta dariya a waya, ta ce a tura mata kwalin waje, ma'aikata sun gode.

Daga ranar bakin Yaya ya buɗe. Ashe tsoron allura take yi, ranar rigakafi sai da mutum biyu suka riƙe ta. Ta koya mini lissafin da ya gagare ni, ni kuma na yi mata kitso, saboda ta kasa kwanciya a gefe, gashin ƙeyarta duk ya cukurkuɗe.

Ita aka fara sallama. Ta haɗa jaka, ta tsaya a ƙofa, sai ta dawo ta zauna.

"Bari in jira abincin rana. Ke ba kya iya buɗe murfin kwanon nan."

Na iya sarai, amma na matsa mata wuri.