Dodo Mai Silin Gashi Uku

"Kujera ɗaya kawai, Yaya, waccan ta kusurwa," in ji mijin ƙanwar mai aski. "Ko tari ba za ka ji na yi ba."

Mai aski ya ci gaba da kaɗe injinsa da buroshi. Marubuci ne mijin ƙanwar tasa, irin masu labaran dodanni da biranen da ke yawo a sama. Wai kansa ya ƙafe, wata da watanni ya kasa haifar ko dodo ɗaya.

"To ni mene ne nawa a ciki?"

"In sa ka a littafin. Babban matsayi."

"Da sharaɗi. Abin da aka gani a kujerar aski, na kujerar ne. Kada in ji sunan kowa."

Suka tafa a kan haka.

Tari kam bai yi ba, sai tambayoyin da suka fi tari ciwo. Ya ƙura wa madubai biyun da ke kallon juna ido, can ya ce, "Yaya, in mutum ya faɗa madubi na can ƙurya fa?"

"Sai ya biya gilashina."

Fanka ta yi ƙara, ya rubuta. Aka share gashi, ya tsuguna yana leƙen kwandon shara kamar wanda ya yar da zobe.

Cikin masu zuwa akwai wani tsohon direba, wanda duk 'yan tasha ke bin bayansa zuwa shagon. Sanƙo ya cinye masa kai, saura sili uku dogaye. Shekara da shekaru mai aski na shafa musu mai, ya kwantar da su daga kunne zuwa kunne, ya kashe fanka kafin ya fara. Kalmar sanƙo ba ta taɓa fitowa tsakaninsu ba. Wannan shirun ne ya riƙe direban, direban kuma ya riƙe shagon.

Da littafin ya fito, matar mai aski ce ta karanta masa, tana yi tana share hawayen dariya. Wai akwai dodo mai gadin gada, ƙarfinsa duka yana cikin silin gashi uku. Takobi bai dame shi ba, amma iska na kaɗawa sai ya dafe kai ya ruga kogo.

"Ni fa? Ina babban matsayin?"

"Ga ka nan, Maigida. Almakashin tsafi ne kai. An binne shi ƙarƙashin dutse, bai daina surutu ba."

Da safe mai aski ya tare marubucin a bakin ƙofa.

"Haba Yaya, na sa suna?"

"Ina ma sunan ka sa! Suna ai mutum dubu ke amsa shi. Gashin nan kuwa kan mutum ɗaya ne ke ɗauke da shi a duk garin nan!"

"Ai na ƙara masa ƙaho."

"Ƙaho! Wa ya kalli ƙahon?"

Ana cikin haka direban ya shigo. An ce labarin dodon ya kai tasha, tun asuba yaran tasha ke hura masa iska da kwali. Ya zauna, ya dubi madubi.

"Almakashi, kunna fankar. Aske su duka."

Mai aski ya kunna fankar, ya sa almakashi. Sili uku suka faɗi, ko ƙara babu. Direban ya shafa kansa, ya juya shi dama da hagu a ƙarƙashin fanka.

"Ashe haka iska take da daɗi. To, ka huta. Wannan kan ko uwar yara ta iya da reza."

Bai sake dawowa ba. 'Yan tasha kuwa kullum suna nan, sun cika benci, ba mai cire hula. Kowa na zuba ƙarya da ƙarfi ko a sa shi a littafi na biyu: wannan ya yi kokawa da kada, wancan aljani ya tare shi a kwana. Mai son aski na gaske ya leƙo, ya ga ba wurin zama, ya wuce.

Marubucin ma ya tattara takardunsa.

"Ƙaryarsu ba ta yi mini, Yaya. Ni gaskiya nake samu in yi mata ƙaho. Akwai wani tela a bayan kasuwa, an ce..."

"Allah ya ji ƙan telan."

Marubuci ya samu dodo, direba ya samu iska, 'yan tasha sun samu inuwa da fanka kyauta. Mai aski kuwa ya rasa kan da ke jawo masa kawuna, ya samu suna. Har jikokinsa yanzu Almakashi suke ce masa, in ya buɗe baki zai yi faɗa kuma sai dariyar ta ƙaru.